Ranar da Motar Baba Ta Ƙi Tashi

Ku yi haƙuri da shiruna na kwana biyun nan. Kun cika min waya da “ina labari, ina labari”, wata ma cewa ta yi ko an ɗaura ne ban gayyace ta ba. 'Yar uwa, ba a ɗaura komai ba. Hannuna ne ya kasa rubutu. Yanzu Baba ya samu barcin rana, bari in ba ku abin da ya faru ranar Talata yadda ya faru.

Ga wanda yau ya fara karantawa, ni ce auta a gidanmu, kuma da Auta kowa ke kirana. Mamanmu ta daɗe da rasuwa. Baba tsohon shugaban makaranta ne, ciwon mantuwa ya kama shi, yau ya gane ni, gobe ya tambaye ni 'yar gidan wa ce. Yaya yana can bayan gari da iyalinsa, Anti tana aure a wani gari. Ni na ajiye aikina na kantin magani na dawo gida. Ni ce wanka, ni ce magani, ni ce canza zanin gado.

Sai kuma Malam Shiru. Anti ce ta laƙaba masa sunan, don in ya zo gaisuwa sai ya shanye kofin shayi bai haɗa jimla uku ba. Malamin lissafi ne, kuma ya jira ni har na fara jin kunyar haɗa ido da shi. Duk zuwan da manyansa suka yi wurin Yaya neman aurena, amsar ɗaya ce: “A bari jikin Baba ya yi sauƙi.” Alhali a gaban Yaya likita ya ce wannan ciwon gaba yake yi, ba ya dawowa baya.

Da Malam Shiru ya samu aikin koyarwa a wata ƙasa, ya zo ya ce ya nemi gida mai ɗaki a ƙasa, ba hawa bene, saboda Baba, mu tafi mu uku. Yaya ya kusa cin kwalarsa.

“Ubanmu a gidan suruki? Muna raye?”

Muna raye ɗin nan, Yaya bai taɓa kwana ɗaya da Baba ba tun da ciwon ya yi tsanani.

Ranar Litinin da safe saƙon Malam Shiru ya shigo. Na karanta shi har na haddace:

“Jirgina gobe ne kafin azahar. Ba zan ƙara matsa miki ba. Ki zo filin jirgi, ko daga nesa in hango ki. In na gan ki zan ci gaba da jira, ko yaushe ne. In ban gan ki ba na gane, kuma ba zan riƙe ki a raina ba.”

Na rubuta masa “Zan zo.” Ya amsa da “Allah ya kai mu.” Shi ke nan, kun san shi.

Na kira matar Yaya na roƙe ta ta zo ta zauna da Baba. Ta tambaye ni ina za ni, na faɗa mata gaskiya. Ta ce ba komai, da sassafe zan gan ta.

Talata na tashi da wuri. Na yi wa Baba wanka, na ba shi shayi da burodi, na lallaɓa shi ya haɗiye ƙwayoyinsa. Na ciro doguwar rigata ruwan toka, wadda Malam Shiru ya taɓa kallo ya ce “wannan ta yi”, iyakar yabon da na taɓa samu daga bakinsa ke nan. Na goge ta har sau biyu. Na sa kwalli, na goge, na sake sawa. Na yafa baƙin mayafi mai ƙananan duwatsu a baki, na fesa ɗan ragowar turaren Mama da nake ɓoyewa a ƙasan akwati. Na kalli madubi, na ga wata mace da na daɗe ban gani ba.

Rana ta fara ɗagawa, babu matar Yaya. Na kira, ba ta ɗaga ba. Can sai ga saƙon murya:

“Auta, don Allah ki yi haƙuri, ƙaramin yarona ne ya kwana da zazzaɓi, ba zan samu fitowa ba.”

A bayan muryarta ina jin ƙaramin yana ƙyalƙyala dariya, ana kallon katun a talabijin.

Na zauna a bakin gado, na kalli bango. Baba ba ya zama da baƙo, in ya ga fuskar da bai saba da ita ba sai ya yi ta ihun ɓarawo har muryarsa ta dishe. Tasi kuwa ba ya shiga. An taɓa gwadawa, ya riƙe ƙofa ya ce za a sace shi. Motarsa kaɗai ya yarda da ita, tsohuwar farar atomatik ɗin nan mai canza giya da kanta, wadda ya saya da ya bar aiki. To, sai mu tafi tare. Na sa masa farar riga da hula, na ce za mu zaga gari. Ya yi murna kamar yaro.

Na zaunar da shi a gaba, na ɗaura masa bel, na zaga na shiga, na murɗa makulli.

Ƙas-ƙas-ƙas-ƙas.

Na sake murɗawa. Fitilun gaban sitiyari suka ɗan kawo ja-ja, suka dushe. Karo na gaba ko ƙas ɗin babu. Sai idona ya kai kan makunnin fitilar waje, yana kunne. Ranar Litinin da la'asar Baba ya shiga motar ya zauna kamar yadda ya saba, wai zai tafi makaranta. Makulli yana wuyana, don haka ban damu ba. Ashe ya murɗa fitila, ta kwana tana shan batir a cikin gareji.

Na kifa kaina a sitiyari. Baba ya ce, “Direba, mu je mana, za mu makara.”

Na fita waje a guje da takalmi mai tsini. Mai shagon layinmu yana jera kwalaye, mai wanki da guga yana shanya a igiyar gefen katanga. Na faɗa musu abin da ake ciki.

“Batir ne? Ai turi kawai take so,” in ji mai shago, yana naɗe hannun riga. “Yanzu za ki ji ta tashi.”

“Atomatik ce fa.”

“Mota ai mota ce, Auta. Shiga.”

Na san akwai abin da na taɓa ji game da tura irin wannan motar, amma a lokacin ko cewa aka yi in ɗauke ta a ka zan gwada. Na taka birki na ja giya, ta ƙi barin P, inda ake sa ta in an ajiye mota. Na ja da hannu biyu, ko motsi. Ashe in babu wuta giyar kulle kanta take yi. Na buɗe waya na bincika, na ga wani bidiyo, mutum yana nuna wani ɗan murfi kusa da giyar. Na ɓalle shi da farce, farcen ya karye, na zura makulli a ramin na danna, giya ta sauko N, tayoyi suka saki.

Suka turo ni daga gareji zuwa titi. Layinmu gangare ne. Suna haki, suna ihu.

“Saka ta biyu! Ki saki kulaci!”

“Babu kulaci, Malam!”

“To saka ta a D ɗin!”

Na saka. Babu abin da ya faru, sai wani gurnani daga ƙasa kamar an ja tebur. Motar ta ci gaba da gangarawa, sitiyari ya yi nauyi kamar an zuba masa siminti. Na taka birki, na ji shi tauri kamar dutse. Ga kwata a gabana, ga Baba yana tafa hannu. Na haɗa ƙafa biyu na danna da duk ƙarfina, na ja birkin hannu. Muka tsaya a karkace a bakin mahaɗar titi, tayar gaba tana leƙen kwata.

Mai wanki ya iso yana dafe da ƙirji. Mai shago ya zaga motar, ya girgiza kai.

“Ikon Allah. Motar Turawa ce, amma ba ta son turawa.”

Suka yi dariya. Ni ma bakina ya buɗe, amma abin da ya fito ba dariya ba ce. Da suka ga hawaye sai suka daina.

Na kira Malam Shiru in ce masa ina hanya, ya jira ni. Wayar ta yi ta ringi har ta katse. Na tura saƙo: “Mota ta ƙi tashi, ina zuwa, don Allah kada ka shiga ciki.” Saƙon ya isa, ba a buɗe ba. Na ce a raina yana fama da kaya ne, ko wayar tana aljihu.

Mun tare hanya. Motoci suka fara taruwa, ana ta hon. Wani mai tasi, dattijo mai furfura a gemu, ya leƙo da kai ya fara zazzaga mana faɗa, wai mata sun ga mota sun ɗauka kujerar falo ce. Ya fito zai ƙara, sai ya hango Baba a ciki yana gyara hula a madubi, yana magana shi kaɗai. Ya dube ni, ya dubi kwallin da ya zubo min har kumatu.

“Mahaifinki ne?”

Na ɗaga kai.

“Wa ya ce ku tura atomatik? Ko zuwa gobe za ku yi ta turi ba za ta tashi ba, sai dai ku kashe giyar. Maida ta P. Buɗe bonet.”

Ya juyo da tasinsa ya sa hancinta dab da na motarmu, bai bari sun taɓa juna ba. Ya ciro wasu wayoyi masu kauri daga but, ɗaya ja ɗaya baƙa, kowace da baki kamar na kada. Da aka ɗaga bonet ɗinmu, kawunan batirin duk sun yi farin gari, ba a ganin alamar komai. Mai tasi ya manta tabaraunsa, ya ƙanƙance ido, ya kama jar waya zai maƙala a kan da ya fi kusa da shi.

“Kai! Dakata!”

Duk muka juya. Baba ne. Ban san lokacin da ya kwance bel ya fito ba. Ya tsaya ƙyam, hannu a baya, da muryar da rabona da ji tun ina sakandare, muryar da ke sa ɗalibai su daina numfashi a filin taro.

“Ba a haɗa wuta da ka. Goge kan tukuna ka ga alama.”

Mai wanki ya miƙo tsumma. Aka goge, sai ga alamar ragewa a daidai inda mai tasi ya nufa. Ya ja da baya yana salati.

“Ja a kan alamar tarawa, nan da can,” in ji Baba, yana nunawa da yatsa. “Baƙa a kan alamar ragewa ta motarka. Ɗaya bakin kada ka sa shi a mataccen batir, nemi ƙarfen inji mara fenti ka maƙala. Kada bakunan su haɗu. Yanzu ta da taka, ka bar ta ta ɗan yi aiki.”

Mai tasi ya yi duk yadda aka ce, har da “to, ranka ya daɗe”. Ni kuwa na tsaya ina kallon ubana. Baban da na sani ya dawo. Na matsa kusa da shi na kama hannun rigarsa.

“Baba.”

Ya dube ni da ladabi, irin kallon da ake yi wa baƙuwa.

“Malama, ke ce mai motar? Shiga ki taka birki, ki tabbata giya na P.”

Na shiga. Me zan yi in ban shiga ba?

Na murɗa, ƙas-ƙas. Mai tasi ya ce in dakata, ya taka totur ɗinsa, injinsa ya yi ta kuka. Ina zaune ina kallon rana tana hawa saman rufin shago, kowane numfashi ji nake kamar ana zare min wani abu. Na sake murɗawa, inji ya yi wani nishi kamar mai ciwon baya, ya yi shiru. Na rufe ido na yi addu'ar da ban san me na ce a cikinta ba. Na murɗa.

Ta tashi. Duk motar ta girgiza, mai shago ya yi kabbara, har masu hon ɗin baya suka tafa. Mai tasi ya cire wayoyin, ya fara da baƙar da ke jikin injinmu, ya rufe bonet, ya leƙo ta taga.

“'Yata, ji nan. Batirin nan ya gama yawo. Kada ki kashe motar nan sai inda za ki kwana. Kika kashe, sai dai a sake jona miki.”

Na yi masa godiya, ban ma san ko ya ji ba. Sai da na hau babban titi na lura da rigata. Baƙin mai tun daga ƙirji har gwiwa, inda na jingina da motar. Mayafin ya kama wani ƙarfe ya yage, duwatsun sun zube. Ƙamshin turaren Mama ya tafi, sai warin hayaƙi. Baba ya koma duniyarsa, yana karanta allunan talla da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya, yana gyara musu nahawu.

A kowace danja sai na kira. Ringi, ringi, shiru. Daga baya ma sai aka ce wayar a kashe take.

Na isa filin jirgi, na tsaya a inda ake sauke fasinja. Ta gilashi ina hango mutane da akwatuna, ina neman dogo mai tabarau. Wani ma'aikaci mai rigar lemo ya buga min bonet.

“Ba a tsayawa a nan. Sauke ki wuce.”

“Don Allah minti ɗaya, wani zan gani.”

“Kowa wani zai gani, Hajiya. Wurin ajiye motoci yana can.”

Can ɗin da ya nuna da nisa, bayan wani dogon shinge. Na je na samu gurbi, na tsaya, inji na aiki. Ku faɗa min, ya za ku yi? In na bar ta a kunne na tafi, Baba zai zagayo ya zauna a kujerar direba, kuma hannunsa bai manta giya ba. In na kashe, ni da Baba mun zauna ke nan a nan, ba mai tasi, ba mai shago. Na daɗe hannuna na kan makulli.

Na kashe.

Na kamo hannun Baba muka taka. Ba ya sauri, ba a kuma sa shi sauri. Ya tsaya ya gaida mai shara, ya tsaya ya ɗauki wata takarda a ƙasa ya nemi kwandon shara. Na cire takalmina na riƙe a hannu, kwalta na ƙona min tafin ƙafa. Mutane na kallonmu, mace da rigar bakanike tana jan tsoho mai farar hula.

A bakin ƙofar shiga na gan ta tana fitowa. Mahaifiyar Malam Shiru, da ƙanwarsa a gefe tana riƙe mata jaka. Idanun tsohuwar sun yi ja. Matar nan ta taɓa kawo wa Baba bargo da hannunta, ta taɓa ce min “'yata” a gaban mutane. Na durƙusa a kan siminti na gaishe ta.

Ba ta amsa ba. Ta kalle ni daga sama har ƙasa.

“Me kika zo yi?”

“Mama, mota ce ta ƙi tashi, wallahi tun safe nake... Ya shiga? Don Allah a kira min shi, ko ta gilashi ne.”

“Ya shiga tun ɗazu. Shi ya fara shiga ma, ko waiwaye bai yi ba.” Ta gyara mayafinta. “Ni abin da ban gane ba, bayan saƙon da kika aiko, zuwan na mene ne? Ki ƙara masa ciwo?”

“Wane saƙo?”

Ƙanwarsa ta yi tsaki. Tsohuwar ta ɗaga mata hannu.

“Yayanki ya zo gidanmu jiya da yamma, da ƙafarsa. Ya ce ke kika aiko shi, kunya ta hana ki faɗa da bakinki. Wai kin yi tunani, ba za ki iya ba, a ba yarona haƙuri ya nemi wata. Yaron nan bai ci komai ba tun jiya. Yana jin wayarsa na ringi ɗazu, ya ce ban haƙuri za ki yi, shi kuma ba zai iya ji ba.”

Ban san na zauna a ƙasa ba sai da na ji zafin siminti. Ina so in ce ƙarya ne, amma kalmar ta yi min nauyi, don wanda zan ƙaryata ɗin shi ya goya ni zuwa makaranta ranar farko. Baba ya sunkuyo yana shafa kaina.

“Yarinya, wa ya taɓa ki? Faɗa min ajinsu.”

A daidai nan wayata ta yi ƙara. Yaya.

Na ɗaga, na sa yadda kowa zai ji. Muryarsa ta fito da faɗa.

“Auta, kina ina? Na zo gida ba Baba, ba mota. Da izinin wa kika fita da shi?”

“Ina filin jirgi, Yaya.” Ni kaina ban gane muryata ba. “Ga mahaifiyarsa a gabana, tana ji. Maimaita mata abin da na aike ka ka faɗa.”

Tsohuwar ta matso, ta kafa wa wayar ido. Ina jin numfashin Yaya, ina jin ƙarar fankar falonmu a bayansa. Na jira ya musa, na jira ya yi ihu, na jira ya ce ban da kunya. Da ya yi magana, muryar ta sauko ƙasa, kamar ba ta babban mutum mai 'ya'ya huɗu ba.

“Auta, in kin tafi, wa zai riƙe shi?”

Mahaifiyar Malam Shiru ta dafe baki. Ta juya ta dubi ƙofar gilashin da ba a barin mara tikiti ya wuce, sannan ta fizgi jakarta daga hannun 'yarta tana laluben waya, ta ciro ta miƙa mata.

“Kira shi,” ta ce da yarinyar. “Kira wanda ke kusa da shi, kira ko wa ye.”

Yarinyar ta kara a kunne, ta saurara, ta sauke a hankali.

“Mama, a kashe take.”